Tabon da ke Ƙwaurinki da Kwalbar Mai Kumfa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da kike buɗe wannan takarda kin riga kin sauka Damagaram lafiya, ke da kayanki, direba bai mance akwatinki a tashar Tasawa ba. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki suna gaishe ki, ni ma ina gaishe ki. Na cusa takardar a cikin ƙullin busasshen kifi ne don na san shi za ki fara kwancewa. In kin ji tana wari ki yi haƙuri, abin da na rubuta a ciki ya fi kifin wari.

Ba labarin gida zan ba ki ba, ba ki daɗe da barinsa ba. Magana ce ta tsaya mini a wuya. Ranar da maƙwabta suka taru a tsakar gida yi miki sallama, aka tambaye ki abin da ya ja ki lakwal, wato makarantar aikin jinya, sai kika nuna tabon da ke ƙwaurinki kika ce, “Baba ne. Shi ya warkar mini da ƙafa ina ƙarama, har Majo na gidan likita ya yaba masa.” Aka yi ta masha Allah, ni kuwa na gyara hula ina ta murmushi. Innarki ta yi tari. Ba tarin mura ba ne, na san shi, shekara goma sha ɗaya ke nan ina jin sa duk lokacin da aka tada zancen ƙafarki.

Uwani, maganar nan ƙarya ce. Ba ke kika yi ta ba, ni na yi ta, ke kuwa kika ɗauka da zuciya ɗaya. In malamanku ba su shiga yajin aiki ba, kafin damina ta zagayo za su koya miki abin da zai tona ni. Gara ki ji daga bakina da ki gano a cikin aji, alƙalami a hannu, ki ce ashe tsohon nan haka yake.

Bari in faro miki daga tushe. Kafin a haife ki na yi shekara uku ina aiki a gidan likita na nan Madarumfa. In na faɗa haka a gaban mutane sai in yi shiru, su ƙarasa da tunaninsu. Gaskiyar aikin ita ce shara, ɗibar ruwa, ƙona tsofaffin bandeji, da danne yara in za a yi musu allura. A danne yaro kam ba wanda ya kai ni. To a nan na fara ganin wani farin ruwa a baƙar kwalba, ana ce masa oksijene. Ana zuba shi a kan rauni sai ka ji shuuu, kumfa ta taso fara fat. Wallahi ranar da na fara gani har tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Na ce a raina, duk sauran magungunan nan shiru suke yi, wannan kaɗai ke nuna aikinsa a fili.

Da na bar aikin na koma lambun ubana a bakin tafki, wata ran kasuwa a Ɗan Issa na ga irin kwalbar a faifan mai tallar magani. Na sayo. Wanda ya fara zuwa da yanka a yatsa na zuba masa, kumfa ta tashi, jama’a suka yi kabbara. Kafin sati biyu an daina kirana da sunana, an koma “Likita”. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na amsa. Har tafiyata ta canja, na riƙa sa hannu a baya ina gyaɗa kai in ana mini bayanin ciwo.

Ke ma za a yi miki haka. Hutun farko da za ki zo, kafin ki iya ɗaure bandeji, tsofaffin unguwa za su fara ce miki likita, su miƙo miki gwiwa da baya. Daɗi gare shi, na sani. Kada ki amsa sunan da ya fi ki girma. Ki ce musu, “Ni ɗaliba ce tukuna,” ko da sun ji haushi.

Kin san Tanko mai kamun kifi, wanda har yau ba ya cire hula ko a cikin ruwa. Ga dalili. Sandar tuƙin jirgi ta fasa masa kai, aka kawo mini shi jini na zuba. Na zuba masa oksijene, safe da yamma, kwana goma sha biyar. Raunin ya yi ta jan ƙafa, amma gashin kansa ya yi saurin amsawa, ya koma ja zur kamar bayan jar akuya. Yara suka riƙa binsa suna kukan akuya. Liman ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, “Tanko, lalle a gemu ake sawa, kai kuma ka kai shi tsakar kai?” Ya zo mini ransa a ɓace ya ce, “Likita, mene ne wannan?” Ban sani ba, Uwani. Wallahi ban san ruwan nan yana cin launin gashi ba. Amma na dube shi na ce, “Cutar ce ke fita ta gashi. Da ta tsaya a ciki da yanzu ka haukace.” Bawan Allah ya yi godiya, da yamma ya aiko mini da tarwaɗa biyu manya. Kin ci daga ciki.

In kika ga abin da ba ki gane ba a jikin mutum, ki buɗe baki ki ce ban sani ba, ki je ki tambayo. Kalma uku ce, ba ta taɓa kashe kowa ba. Ni da na iya faɗinta a kan Tanko, da ban kai ga ƙafarki ba.

Kina shekara takwas. Kin biyo ni lambu kina taya ni ban ruwan tumatir, bakin tsohon bokitin kwano ya yanke ki a ƙwauri. Yanka ne bai kai tsawon yatsa ba. Na ɗauke ki da gudu, kuma in faɗa miki gaskiya, a ƙarƙashin tsoron da nake ji akwai ɗan farin ciki, yau ɗiyar Likita za ta ga aikin ubanta. Na zuba, kumfa ta tashi, kika tsala ihu. Washegari na zuba. Jibi na zuba. Na ce tunda tawa ce ba zan yi mata rowa ba, na mai da shi sau uku a rana. Kina kuka kina cewa, “Baba, yana cina!” Ni ina cewa, “Cutar yake ci, yi shiru.”

Sati ya wuce, biyu suka wuce, bakin raunin ya yi fari, ya ƙi haɗewa, har ƙara faɗi yake. Kullum kumfa tana tashi, ni kuma ina cewa lalle cutar nan da yawa take. Da na rasa wanda zan ɗora wa laifi, sai na ɗora miki. Na ce kina satar hanya kina shiga tafki da ƙawayenki. Kika rantse ba ki shiga ba. Na ce miki maƙaryaciya a gabansu, na hana ki ko leƙa ƙofar gida. Innarki ta ce, “Malam, ka bar ciwon nan ya huta mana, ko kwana biyu.” Na ce, “Ke ce likita ko ni?” Ta ce, “A gidan nan dai ban ga ko ɗaya ba.” Na yi fushi na ƙi cin tuwo, ta rufe shi ta ajiye, na ci da safe.

In maras lafiya ya ce miki magani yana cinsa, ki saurara, shi ke cikin jikin. In uwar yaro ta ce wani abu ba daidai ba, ki saurara sau biyu. Ba ta yi lakwal ba, amma ita ke ganin ciwon nan fiye da ke.

A sati na biyar, ranar da na kai tumatir Maradi, Innarki ta goya ki, ƙafafunki na jan ƙasa, ta kai ki wurin Majo Garba, babban malamin jinya, wanda na yi wa shara shekara uku. Ya wanke miki da tafasasshen ruwa da ɗan gishiri, ya yi miki allura, ya ɗaure da bandeji mai tsabta, ya ce kowa ya cire hannunsa. Sannan ya aiko a kira ni.

Na sa babbar riga na tafi, ina zaton shawara za mu yi irin ta abokan aiki. Da na shiga ko zauna bai ce mini ba. Ya ce, “Je wurin mahauci ka karɓo mini ɗanyar hanta, ta ragon da aka yanka yau.” Na ce a raina Majo tsire yake sha’awa. Na kawo. Ya sa ta a faranti, ya ce, “Ina kwalbar taka?” Na zaro ta daga aljihu, don ba na rabuwa da ita. Ya tsiyaya a kan hantar. Uwani, kumfar da ta tashi ban taɓa ganin irinta ba, har ta zubo a kan tebur.

Ya ce, “To, Likita,” ya ja sunan yadda na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, “wace cuta ke damun wannan rago?”

Na ce, “Wataƙila ya yi rashin lafiya kafin a yanka shi.”

Ya ce, “Kai ne ba ka da lafiya. Zauna.”

Na zauna. Ya ce a cikin nama da jini Allah ya sa wani abu mai tsaro, da zarar ruwan nan ya taɓa shi sai ya farfasa shi, ya mai da shi ruwan banza da iska, don kada ya ƙone naman. Iskar ce ke tashi kumfa. Ya ce, “Kumfar da kake murna da ita, ba cuta ce ke mutuwa ba. Naman ɗiyarka ne yake kare kansa daga gare ka.”

Ban yarda nan take ba, kin san ni. Na ce, “To in ba magani ba ne, me ya sa kuke zuba shi? Da idona na gani.” Ya ce, “Da idonka ka ga mun zuba sau ɗaya, ranar farko, a kan rauni mai ƙasa da datti. Da ka tsaya ka ga kwana na biyu, amma kana can kana shara.” Ya jawo madubin da suke duba jini da shi, ya shafa ɗan ruwan ciwo a kan gilashi, ya sa launi, ya ce in sa ido. Na sa ido na rufe wanda bai kamata ba, ya gyara mini kai. Sai ga wasu abubuwa zagaye-zagaye, a cikin wasu akwai ƴan ɗige-ɗige.

Ya ce zagayayyun nan fararen ƙwayoyin jini ne, kowa yana da su, masu gadin jiki ne. Ɗige-ɗigen kuma ƙwayoyin cuta ne da suka haɗiye. In fata ta tsage cuta ta shiga, sai su yi tururuwa zuwa wurin. Kowace ta kama ƙwayar cuta ta haɗiye ta, ta kulle ta a cikin ƴar jaka a cikinta, yadda ake jefa kunama a gora a toshe baki. Sai ta shaƙi iskar numfashi da yawa lokaci guda, wannan iskar dai da muke ja da hanci jini ya raba wa jiki, ta juya ta ta zama wani abu mai ƙuna, ta watsa a cikin jakar. Abin nan mai ƙuna shi ke komawa ruwan oksijene. Ya ɗaga kwalbata ya ce, “Irin wannan sak. Jikin ɗiyarka yana yin nasa tun ranar da aka haife ta, bai taɓa zuwa kasuwar Ɗan Issa ba.”

Na ce, “Ikon Allah.”

Ya ce, “Ban gama ba.” Ya ce farar ƙwayar ba ta tsayawa nan. Tana ɗibar gishirin da ke cikin jini ta haɗa da ruwan oksijenen, sai ya zama jabel. Na ce, “Wane jabel?” Ya nuna mini jarkar ruwan wanki mai cin launin tufa da ke lungu, wadda na shekara uku ina goge daɓe da ita, wadda ta cinye mini wando biyu. Na miƙe tsaye na ce, “Haba Majo, ka ji tsoron Allah! Jabel a cikin jikin Musulmi?” Ya ce, “Da Musulmi da Kirista da jakin da ke ƙofar gidanka. Zauna.” Ya ce shi ke ƙone ƙwayar cutar a cikin jakar. Ruwan ciwon da muke ƙyama kuwa, gawarwakin fararen ƙwayoyin ne da suka mutu wurin aiki, kuma ɗan koren da ake gani a cikinsa launin abin da suke haɗa jabel ɗin da shi ne. Ya ce akwai yaran da ake haifa ƙwayoyinsu suna haɗiya amma ba su iya haɗa wutar, waɗannan maruru ba ya barinsu, wannan ya warke wancan ya fito.

Na ce, “To ashe ban yi laifi ba ke nan, abin da jiki ke yi na yi.” Majo ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, “Matarka tana hura wuta a murhu kullum. In ka ɗebo garwashin ka watsa a ɗaka, ka taya ta girki?” Ya ce jiki yana yin abin nan ɗan kaɗan, a cikin jaka a kulle, a kan ƙwayar da ya kama, a lokacin da ake bukata, kuma abin da ya tsallake sai mai tsaron nan ya share shi. Ni kuwa ina kwarara shi a fili sau uku a rana a kan sabon naman da ke rarrafowa ya rufe raunin. Duk abin da jikinki ya gina tsakanin safe da azahar, sai in zo in rushe, in tsaya ina kallon kumfa ina jin daɗi.

Ya ajiye kwalbata a cikin kabad ɗinsa ya kulle. Ya ce in ɗauki hantata in tafi. Na ɗauko ta, don ba a barin nama.

A nan ina so ki tsaya ki ji, don halina kika ɗauko, ba na Innarki ba. Kina da zafi. In kika ga ba daidai ba sai kin faɗa, kuma sai kowa ya ji. Ban ce ki zubar da shi ba, jikin da ba shi da wutar nan ma ba ya zama lafiya. A inda za ki, akwai wanda zai raina ki don daga Madarumfa kika fito, akwai wanda zai wulaƙanta maras lafiya a gabanki. Ki yi fushi. Amma ki ja mai laifin gefe, shi kaɗai, ki faɗa masa daidai laifinsa, ki rufe maganar. Kada ki kwarara wa ɗaki duka, kada ki maimaita safe da yamma. Ni na yi wa mutane da yawa haka da bakina, ina ganin sun tafasa ina cewa gyara ne yake shiga.

Saura mafi nauyi. Daga wurin Majo ban zarce gida ba, na zaga ta bakin tafki na daɗe a tsaye. Na shirya in shigo in ce na yi kuskure. Wallahi na shirya, har kalmomin na jera. Da na shigo na tarar da ke zaune a kan tabarma, ƙafa a naɗe da farin bandeji, kika ɗago kika ce, “Baba, me Majo ya ce?” Idonki a kaina, na ƙannenki a kaina. Sai na ji bakina yana cewa, “Ya ce na yi aiki mai kyau, ba don ni ba da an yanke ƙafar. Ya ce shigarki ruwa ce ta ɓata ciwon.” Kika sunkuyar da kai kika ce, “Ka yi haƙuri, Baba.” Kika ba ni haƙuri a kan laifin da ba ki yi ba, ni kuma na karɓa. Innarki tana bakin murhu, ta soya hantar ta ba ki rabona.

Kwana goma bayan na cire hannuna raunin ya rufe. Yankan da zai warke a sati guda ba tabo, ni na mai da shi abin da kike ja wa zane kina rufewa har yau. Ba ki shiga tafki ba, na sani tun a lokacin. Ba ki yi ƙarya ba. Kuma ba ni na warkar da ke ba. Allah ne, sai jikinki, sai Majo Garba, sai matar da ta goya ki kina da shekara takwas.

Abin da nake tsoro shi ne ki karanta wannan ki ce to aikin da na zaɓa don Baba ne, ashe ba Baban ne ya warkar da ni ba, ki ji ya fita ranki. Kada ki yi haka, don Allah. In dalili kike nema, ga wani na gaskiya: garin nan cike yake da irina, kowa da kwalbarsa, musamman tun da aka karya darajar kuɗinmu na sefa magani ya yi tsada mutane suka koma wa masu faifai. Ana bukatar wadda za ta zaunar da mu ta aike mu wurin mahauci. Ki yi karatun da kyau, ki dawo ki fara da ni.

Ki yafe mini, Uwani. Sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa ba na iya kiranki da shi, ita ma na sha ba ta haƙuri, amma ban taɓa jin nauyinsa kamar yau ba.

Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya kare ki daga ciwo da mugun abokin zama, ya buɗe miki kai, ya sa hannunki ya zama mai sauƙi a kan marasa lafiya. Ki riƙe salla, ki ci abinci, kada ki sha ruwan da ba ki san rijiyarsa ba.

Ki ba direban motar Maradi amsa in kin samu hali. In kin yafe, ki rubuta. In ba ki yafe ba tukuna, ki rubuta haka nan, kada ki sassauta don ni. Innarki ba ta karatu, ni zan karanta mata, ta kuma ce sai ƙannenki sun zauna sun ji. Na yi mata alkawari, na yi miki: abin da kika rubuta shi zan karanta, ba zan gyara ko kalma ɗaya ba.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
mai lambun bakin tafki, Madarumfa.